Barkar da Aka Yi Mini a Cikin Takaba

Mijina ya rasu a Madina, kuma barka aka yi mini. Wallahi barka.

Ma'aikacin magani ne a wani asibiti. Da hantsi ya faɗi a bakin aiki, kafin magariba an sallace shi a Harami, masallacin Manzon Allah, an kai shi maƙabartar Baƙi'a. Matan 'yan Najeriya suka cika ɗan falonmu na unguwar Aziziyya, duk wadda ta shigo sai ta ce, "Kai, bawan Allahn nan ya dace! Maƙwabcin sahabbai!" Matar wani likita har da matse mini hannu: "Kada ki kuskura ki yi kuka, butulci ne." To, na haɗiye. Wa zai yi gardama da Baƙi'a?

Takardar zamana a jikin aikinsa take rataye. Aka ce in gama takaba in koma gida. Abin da ya hana ni barci ke nan: zan tafi in bar shi, ban yi kukansa ba, ban ma san inda yake kwance ba.

Da na rame ƙwarai, aka kai ni wurin wata likita, sabuwar zuwa ƙasar. Mutuniyar kirki ce. Ta rubuta mini ƙwayar barci, ta ce in je in zauna kusa da kabarinsa in faɗa masa abin da ke raina. Mata ba sa shiga Baƙi'a, kuma babu kabarin da ke da suna. Na fito da baƙin cikin da ya fi wanda na shiga da shi.

Daga baya asibitin ya turo mini wata dattijuwa da ke zama da waɗanda aka yi wa rashi. 'Yar ƙasa ce, kakanninta ne suka zo hajji da ƙafa daga Katsina suka zauna. Hausarta duk ta cakuɗe da Larabci. Ba ta yi mini barka ba. Ta cire takalmi, ta zauna a ƙasa, ta ce, "Ya binti, me yake ci da safe?"

Na ce koko. Gero yake sa a kawo masa daga gida, yana ta mita cewa na kasuwar nan ba ya ƙamshi. Ban ƙarasa ba kuka ya taso mini. Na toshe baki ina istigfari.

Ta janye hannuna. "Wa ya hana ki? A garin nan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye da ɗansa ya rasu. Kin fi shi imani ne?"

Ranar na yi kuka har maƙwabta suka leƙo. Ta yi ta zuwa bayan nan. Wata rana na ce mata, "Hajiya, haushinsa nake ji." Ta ce, "Ji abinki, ba Allah kika zaga ba."

Da na fita takaba, jirgina saura kaɗan, ta ɗauke ni a tasi bayan la'asar. Muka tsaya a bayan shingen ƙarfen Baƙi'a. Fili ne kawai, tudun ƙasa da duwatsu, tattabaru na kiwo a kai.

Na ce, "Wanne ne nasa?"

"Ban sani ba, 'yata. Uwata na ciki, ɗana na ciki, ban san nasu ba. Zaɓa na yi. Ke ma zaɓi."

Na zaɓi wani can gefe, inda inuwar katanga ta faɗo, don shi mutum ne da ba ya son rana. Na yi masa sallama, na yi addu'a. Sannan na yi masa faɗa. Na ce ka kawo ni ƙasar mutane, ka samu wurin kwanciya, ni ka bar ni da akwati. Geronka ma bai ƙare ba.

Yanzu ina Zariya. Har yau in zancensa ya taso, sai a ce, "Ai mijinki ya yi sa'a." Nakan ce ya yi. Ni ce ban yi ba.