Taswirar da Muka Ci Wake a Kanta

A shekarar 2012 ni ɗalibin fiƙihu ne a Alƙahira, ga baki ga ji da kai, ina ganin duk karatun da ba irin nawa ba ɓata lokaci ne. Mu huɗu muke haya a unguwar Abbasiya, hawa na biyar. Cikinmu akwai wani ɗan Damagaram, shiru-shiru, wanda ba shi da aboki sai ni. Har yau ina kewar shayinsa mai na'a-na'a.

Tambaya ɗaya ce ta hana shi sakat: yaya mutum zai yi salla a inda rana ke yin watanni ba ta faɗi ba? Garin bincike ya kamu da son wasu duwatsu na can ƙarshen kudancin duniya, a Antatika. Shekara guda ya yi yana zana taswirarsu da hannu a faffaɗar takarda, yana kwafowa daga littattafan laburare. Yakan nuna mini yadda suka yi jere suka raba nahiyar biyu, yadda ƙanƙara ta binne su sai kawunansu ke leƙowa, da yadda take gangarowa ta tsakaninsu a hankali kamar kunu mai kauri. Ni kuwa sai in kira shi limamin ƙanƙara, in tambaye shi yaushe zai je ya ja tsuntsayen can salla. Murmushi kawai yake yi.

Al'adarmu, jarida muke shimfiɗawa a ƙasa mu ci abinci, in an gama a nannaɗe a zubar. Wata Juma'a muka yi baƙi, jarida ta ƙare. Ina sane na ciro taswirar daga bangon da ya manna ta na shimfiɗa, don a yi dariya. Aka kuwa yi. Ya dawo daga masallaci ya tarar maiƙon wake ya jiƙe duwatsunsa, tawada ta dame. Na ce masa ma'alish, wato ba komai, ai takarda ce. Da hannunsa ya nannaɗe ta ya kai shara. Ƙarshen wata ya kwashe kayansa ya koma unguwar Faisal. Girman kai ya hana ni zuwa in ba shi haƙuri, har muka gama karatu, kowa ya koma ƙasarsa, lambarsa ta daina shiga.

Bara wani bawan Allah da aiki zai kai arewacin Turai ya yi mini tambayar nan sak, bayan karatu a masallacinmu. Na ba shi amsa tiryan-tiryan, yana ta sa mini albarka, ni kuwa kunya ta rufe ni, don kowace kalma daga bakin abokina na ji ta. 'Yan'uwa, kada ku mai da abin da wani ke ƙauna abin dariya don kawai ba ku gane shi ba. In kuma kun yi, ku nemi gafara tun kuna sanin ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. Ni yau iliminsa yana wurina, shi ne ban san inda yake ba.