Golan da Muka Sallama

Ko zan manta komai na shekarun da na yi ina sakataren ƙungiyar ƙwallon ƙauyenmu, ban da ranar da aka aike ni in sallami Haruna.

A da gasar ƙauyukan kewayen garin Suki, nan Sudan, muke bugawa, kuma can ba a san kwantaragi ba. Wanda ya iya ƙwallo, a karanta masa Fatiha, a ba shi riga, shi ke nan. In wasa ya faɗo ranar da ruwa zai shiga hawashar wani, wato gonarsa da ake shayarwa bi da bi, sai a ɗaga wasan, don dukkanmu manoma ne. Da muka ci kofi aka haye da mu rukunin gasar birnin Sinnar, sai kiɗa ya canza. Kowa sai ya sa hannu, kuma an ƙayyade yawan waɗanda za a yi wa rajista. Sabon koci ya zo da samarinsa daga birni, ya ce tsofaffi su ba da wuri. Na farkonsu Haruna, golanmu, abokina tun muna kiwon awaki.

Shugabanmu Alhaji Bello ya ce, "Sakatare, kai za ka faɗa mai. Aikinka na." Da ma haka yake, labari mai daɗi nasa ne, mai ɗaci nawa.

Na iske Haruna a gona, na yi ta kewaye-kewaye. Ya ce, "Ya zol, mutumina, bar wahal da bakinka. An cire ni ko?" Na gyaɗa kai. Ya ce, "Halas, shi ke nan," ya ci gaba da nomansa. Daga nan ya daina zuwa wurin mai shayi, ni kuwa abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, na ɗauka na rasa shi ke nan.

Wasanmu na farko ya faɗo daidai ranar ruwan 'yan ƙauye da suka rage a ƙungiyar. Na je Sinnar na roƙi a ɗaga. Jami'in gasar ya yi dariya har da buga tebur, ya ce, "Ustaz, a ɗaga wasa saboda dawa?" Ya gaya mini in ba mu zo ba an cinye mu. Yaranmu kuma suka ce ba su barin ruwa ya wuce, ai ba a tuƙa tuwo da ƙwallo.

Ranar wasan da safe mota na tsaye, samarin birni kaɗai a ciki, sai ga Haruna da shebur a kafaɗa, sauran waɗanda muka sallama suna bayansa. Ya aika a kira yaran, ya ce, "Ku hau mota. Ruwanga namu na, mu ka shayar da gonakinku."

Na ce, "Haruna, mu da muka sallame ka?"

Ya ce, "Takardarku tas sallame ni. Yaushe anka karanta min Fatihar fita?"

An lallasa mu a Sinnar, sabon gola ya sha ƙwallaye. Da muka dawo, Haruna na bakin hanya, laka har gwiwa, kowace hawasha ta ƙoshi. Ya tambayi nawa aka zura wa magajinsa, na faɗa masa, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce yau ni zan biya kuɗin shayi.

Shi ya sa nake gaya muku, ku masu tasowa: ku kiyaye dokar rajista, amma kada ku ɗauka ita ke riƙe da ƙungiya. Ni na cire sunan Haruna da hannuna, kuma ranar nan shi ya fitar da mu fili.