Tsibirin Da Ba Ki Koma Ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ina bakin tafki ina duba aikin kankare, ƙaninki ya kira ni ya ce kin cika. Na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma, sannan na zauna a kan buhun siminti. Mun san kina jinya, Yaya, amma ke kika yi ta ce mana da sauƙi, mu kuma muka yarda saboda haka muke so ya kasance.

A ofishinmu na tsara gari, inda kowa ke kiranki Yaya, ke aka ɗora wa zanen wurin shaƙatawar da za a yi wa jama'a a bakin tafki. Mu hankalinmu na kan itatuwa da filin wasan yara, ke kuwa idonki na kan tsibirin da ke tsakiyar ruwa, wanda tun tasowarmu ba mai taka shi sai mai izinin hukuma. Har muka laƙaba miki Uwar Tsibiri, kina amsawa kina harararmu. Faɗa kam kin iya shi. Amma lokacin da matata ke kwance a asibiti, ke kika ƙarasa mini zanena, kika miƙa shi da sunana, ba ki taɓa tada zancen ba.

Sau ɗaya kika haye tsibirin, a jirgin ruwan hukuma, ranar da aka fara awo. Da kuka dawo kika tarar da mutane a gaɓa suna tambaya ko akwai inuwa a can, ko gaskiya ne tsuntsaye sun cika shi. Kin ce kunya ta kama ki. A nan kika yi alkawarin ba za ki sake taka shi ba sai a jirgin da kowa zai iya shiga. Mun ɗauka maganar fatar baki ce, ashe ba mu gama sanin ki ba. Mu kika riƙa turawa da kyamara, in mun dawo ki tsare mu da tambaya har sai mun gaji.

Sai maganar matakala ta taso. Ɗan kwangila ya zana wurin shiga jirgi da matakala, ya ce a haka za a iya buɗewa kafin ƙarshen bara. Kowa ya yi na'am, ke kika ƙi. A zama na gaba kika turo keken guragun Mama, mahaifiyarki, har cikin ɗakin taro, kika ajiye shi gaban shugaban kwamiti, kika ce, "Ranka ya daɗe, zauna ka nuna mini yadda za ka sauka."

Shugaban ya fashe da dariya ya ce a mayar da shi gangare. Sake zanen da neman amincewa suka cinye mana shekara guda, shekarar da ciwon ya ci ƙarfinki ke nan. Da an bar matakalar, da kin haye bara da ƙafarki. Na san amsar da za ki ba ni, shi ya sa ban taɓa faɗa miki ba, amma wallahi abin yana ci mini rai. Gangaren ya bushe, Yaya. Watan gobe jirgin jama'a zai fara fito.

Da na je gaisuwa na durƙusa gaban Mama. Ita ce ta tambaye ni ko an gama gangaren da kika hana kowa sakat a kansa. Na ce an gama.

Ta ce, "To ranar ka zo ka ɗauke ni, ɗan nan, in je in gano mata."

Allah Ya jiƙan ki da rahama, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa duk wanda ya huta a inuwar tsibirin nan ki samu ladarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki da 'ya'yanki da ƙannenki, Allah Ya ba su haƙurin rashinki. Mama kuma Allah Ya sanyaya mata zuciya, Ya nuna mana watan gobe, in tura kekenta a kan gangarenki.