Ruwan Askin Alton

Alton Congdon mijin yayata Leona ne. Fiye da shekara hamsin muka yi ni da shi, ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba sai ɗaya ya yaɓa wa ɗaya magana. Shi yana kirana Rediyo, wai ba ni da makashi. Ni kuma ina ce masa Sarkin Dawa. Bara ya rasu, kuma rashin wanda zan tsokana yana damuna fiye da yadda na zata.

Sana'arsa saran hezal. A jikin kwalbar kanti wic-hezal ake rubutawa, mu nan gabashin jihar Konetikat hezal kawai muke cewa. Ɗan guntun itace ne marar fasali, ba ya miƙewa, ba ya katako, ga taurin kai: sai duk itatuwan daji sun zubar da ganye sannan shi zai fitar da furensa rawaya siri-siri. Da furen ya fito, lokacin masu sara ya yi. Alton ya gaji aikin wurin ubansa. Daga ƙarshen kaka har ƙanƙara ta fara narkewa yana daji da gatari, ya sare daf da ƙasa don ya sake tofowa, ya loda a akori-kurarsa ya kai masana'antar bakin kogi, inda ake turara shi a fitar da ruwan da ake sayarwa. Idan zafi ya shigo ya koma noman dankali da gyaran katangar dutse.

Da nauyi ake sayen hezal, saboda haka wasu masu saran sukan cusa rassan wasu itatuwa a tsakiyar kaya. Alton ko kusa. Kalmarsa ɗaya ce a duniya, zalla. "Nawa zalla ne, ko tsinke ɗaya babu." Ya faɗa a gidan mai, ya faɗa a wurin biki, ya faɗa wa fasto, ya faɗa mini har na haddace. Ɗan baffansa Merton ya taɓa yin wannan cushen, Alton ya yi shekaru ba ya zama benci ɗaya da shi a coci.

Abin dariyar shi ne, mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana kai wa masana'anta hezal bai taɓa yarda ya shafa na kwalbarsu ba. Wai sun turare shi har sun kashe shi, ya koma fari fes kamar ruwan famfo. Nasa yake haɗawa. Duk shekara, daga saran farko zai ware rassa masu fure, ya daddatsa su, ya cika wata ƙatuwar tukunya, ya ɗora a murhun kicin. Daga nan ya kama hanyar daji, ya bar wa Leona iza wuta da tacewa. Da yamma ya dawo ya tarar da ruwan ya yi ja kamar shayi, ya zuba masa sifirit na kemis don kar ya lalace, ya ɗura a manyan kwalabe. Wannan zai kai shi har wata shekarar.

Kowace safiya ta Allah sai ya yi aski, ko da daga shi sai barewa za su ga juna a ranar. Da askar ubansa yake yi, a gaban ɗan madubin da ke jikin tagar kicin. Idan ya gama ya tsiyaya ruwan a tafin hannu, ya mari kumatunsa hagu da dama, ya yi wani nishi kamar wanda aka sauke wa kaya. Duk garin an san ƙanshin Alton. A coci ba sai ka waiga ba, ka san ya shigo. Ƙanshin jiƙaƙƙen daji ne, da wani ɗan sanyi-sanyi a ƙarshensa. Maza da yawa sun dafa nasu bai yi haka ba. Idan an tambaye shi sirrin sai ya ɗaga kai ya ce hezal ɗin tudun bayan tsohuwar maƙabarta ne, wanda ke kallon arewa, kuma zalla.

Leona mace ce mai shiru-shiru, irin shirun da mutane ke ɗauka na rashin wayo ne. A iya sanina abu ɗaya ta taɓa kafewa a kai. A bakin ƙofar bayan gidan akwai wani baƙin birc, itacen da idan ka karya reshensa ƙanshi kamar na na'a-na'a ke tashi. Alton ya tsani bishiyar nan. Tana tare masa rana, tana cika masa rufi da ganye. Duk shekara sai ya wasa mata gatari, duk shekara Leona ta ce tsuntsayenta a nan suke sauka. Haka bishiyar ta tsufa tare da su.

Ciwon mantuwa ya shigo mata a hankali. Da farko gishiri a shayi, sai sunayen jikoki, sai hanyar gida daga coci. Idonta kuma ya yi yana, ba ta ganin fuska sai inuwa. Lokacin nawa mijin ya riga ya rasu, sai na tattara na dawo gidansu. Wata rana ta kira ni da sunana Verna, wata rana ta kira ni Mama. Ɗansu Dwight ya zo daga jihar Ohayo, ta gaishe shi da ladabi ta tambaye shi ko mai karatun mita ne. Amma kowace safiya, idan Alton ya gama aski ya sunkuya kanta, sai ta ja numfashi ta ce, "Ka yi aski." Daga nan har dare ta san mijinta ne. Shi kaɗai ya rage mata, kuma shi ma ya san haka.

A kakar shekarar ta dafa murhu da tafin hannu ta ƙone. Na kafa doka, Leona da kicin sai dai a ci a tashi. Da lokacin dafa hezal ya zo na ce wa Alton ya kwashi tukunyarsa ya tafi rumfar ajiyar itace, can ya yi kayansa. Ya yi gunaguni, ya tafi, ya dafa da hannunsa, ya tace da hannunsa, karo na farko tun aurensu.

Tsohon ruwan ya ƙare bayan Kirsimeti. Ranar da ya buɗe sabon, ya yi askinsa ya mari kumatu kamar kullum, ya je ya sunkuya. Leona ta ja numfashi, ta janye jiki, ta kama bargo.

"Bawan Allah, me kake nema a gidan mutane? Mijina yana nan dawowa."

"Leona, ni ne."

"Mama, zo ki fitar da mutumin nan."

Na ce masa ya bari zuwa gobe, ranakun ne haka. Gobe ta zo, jibi ta zo, babu canji. Idan ya shigo falo ta tsorata. Idan ya zauna a tebur ta ƙi cin abinci. Ya koma cin nasa a rumfa, a tsaye, wake yana huce masa a kwano. Da la'asar ta kan ja kujera bakin taga tana jiran motar Alton, shi kuwa yana tsaye a ƙofar kicin da hula a hannu yana kallon bayanta. Ni da na yi rabin ƙarni ina neman abin da zai sauke wa mutumin nan girman kai, da na ga ya sauka sai na kasa kallo.

Shi ya fara gano cewa ƙanshin ne. Ni ma da na shinshina na ji akwai abin da babu, sai dai ban san ko mene ne ba. Ya ɗora laifin kan hezal ɗin, wai ya makara wurin sara. Tsoho mai neman tamanin ya sake hawa tudun nan cikin ƙanƙara, ya dawo da sabon dami, ya dafa. Bai yi ba. Ya ce ruwan rijiya ne, ya narka ƙanƙara ya dafa da ita. Bai yi ba. Na je kanti na sayo na kwalba na dire masa, ina jiran ya yi mini wa'azi. Sai kawai ya buɗe ya shafa. Ranar na san ya kai maƙura. Leona ta ce likita ne, ta miƙa masa hannu ya duba.

Dwight ya bugo waya ya ce ya samo mata gidan kula da tsofaffi mai kyau, ba za a bar ta tana zaman tsoro a cikin gidanta ba. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi ciwo. Alton ya roƙe shi ya jira sanyi ya wuce.

Sai aka yi wata ƙanƙara mai nauyi, ta danne bututun hayaƙin rumfa ya karye. Da hantsi na ga Alton ya turo ƙofar kicin da tukunya a rungume. Na ce masa doka tana nan. Ya ce, "Rediyo, ki kai ni kotu." Ya ɗora, ya iza wuta, ya zauna a kan akwatin itace yana gadinta.

Da tukunya ta fara tafasa, tururi ya bi gidan. Ina wanke-wanke sai na ji takun Leona. Ta tsaya a ƙofa ta ɗaga hanci. Ba ta kula kowa ba, ta lalubi ƙusar da ake rataye gyalen aiki ta ɗaura shi a ƙugu, ta zura ƙafa a takalman Alton, ta buɗe ƙofar baya. Na yunƙura zan tare ta, Alton ya ɗaga mini hannu. Muna kallonta ta taga. Kai tsaye ta nufi baƙin birc ɗin, matar da ba ta gane hanyar banɗaki, ta miƙa hannu ta karya 'yan tsinkaye kamar cikin tafi ɗaya, ta ɓoye a cikin gyalen, ta waiga hagu ta waiga dama.

Da ta dawo ta tarar da shi kusa da murhu. Ta ɗan yi turus, sai ta matso ta rage murya.

"Bawan Allah, tsaya mini a ƙofa. Idan ka ji motarsa ka yi tari."

Alton ya tashi ya je ya tsaya a ƙofa.

Ta ɗaga murfi ta watsa tsinkayen, ta danna su ƙasa da ludayi, ta rufe. Fuskarta ta yi wani haske irin na yarinyar da ta saci sukari.

"Me ya sa kike zubawa?" in ji shi, bai juyo ba.

"Nasa shi kaɗai warin rigar da ta kwana a jiƙe yake yi. Tun daren da muka fara rawa na ji." Ta yi 'yar dariya. "Kar ka faɗa masa. Zai ji ciwo. Mutumin kirki ne, abin alfaharinsa ke nan."

Ya ce ba zai faɗa ba.

Da yamma ni na tace. Tsinkayen suka fito baƙaƙe a kan ƙyallen, a tsakiyar hezal ɗinsa na tudun arewa. Ya ɗauki ɗaya ya sa a baki ya tauna, ya daɗe yana taunawa. Maganar da na fi kowace so in yaɓa masa a rayuwata tana kan harshena, har da sunan Merton a ciki. Ya dube ni, idonsa ya yi ja.

"Rediyo, yau ɗaya dai a kashe ki."

Na kashe. Na miƙa masa kwalba ya ɗura.

Washegari ya wasa aska ya fi kullum daɗewa. Wurin askin har ya yanke haɓa, abin da ban taɓa gani ba. Ya tsiyaya, ya mari kumatu, ya je ya sunkuya. Ina tsaye da kofin shayi, na manta ina riƙe da shi.

Leona ta ja numfashi, ta sake ja. Ta ɗago hannun nan da ya ƙone ta shafa kumatunsa.

"Ka yi aski. Alton, ina ka shige? Na yi ta jiranka."

"Daji ya riƙe ni."

"Hezal ɗin bana ya yi kyau."

Ya yi gyaran murya. "Zalla ne, Leona. Ko tsinke ɗaya babu."

Ta juyo inda take jin motsina, ta kashe mini ido ɗaya.

Ba zan ce ta warke ba, wannan ciwon ba ya sakin mutum. Akwai safiyar da ko ƙanshin bai isa ba. Amma mafi yawan safiya ta san shi, kuma ba ta je gidan tsofaffi ba. A gadonta ta cika, shekara guda da wani abu bayan haka, yana zaune a gefenta da sabon aski.

Bai daina cika baki a gidan mai ba, ni ma ban taɓa tona shi ba sai yau da babu su duka biyun. Ya ƙara shekaru yana dafa tukunyarsa a kicin. Duk kaka, idan ta tafasa, sai in hango shi ta taga ya nufi bishiyar da ya yi rabin ƙarni yana wasa wa gatari. Ya karya tsinkayensa ya cusa a aljihu, sannan ya waiga hagu ya waiga dama, alhali babu sauran wanda zai ɓoye wa.