Gwankin da Na Gano wa Kaka

Bara ɗana ya matsa sai da ya kai ni hutu wani gandun daji, irin wanda ake kai baƙi kallon namun dawa. Masaukin ɗakunan ƙasa ne da jinka, wutarsu ta hasken rana. Ina sa kai cikin ɗakin ƙamshin busasshiyar gamba ya buge ni, sai na zauna bakin gado na kasa cire takalmi. Saurayin da ke yi mana jagora yana ta bayani, ban da turare, ban da ɗaga murya, ban da yar da leda. Na bar shi ya gama, amma ni tun ina yarinya aka karanta mini wannan karatun.

Ƙauyenmu yana ƙasar Maradun, kusa da gulbi. Shekarun da ake aikin dam ɗin Bakolori, maganar gidanmu ɗaya ce, ruwa zai zo, kowa zai tashi. Maza suna ta shawarar gonaki, mata suna ta tunanin yadda za a kwashe rumbuna. Kakana na wajen uba shi kaɗai hankalinsa yake wani wuri. Tsohon maharbi ne da ya daɗe da rataye baka, idonsa kuma ya yi hazo, ba ya gane mutum sai ya yi magana.

Da bazara ta kama, ya ce zai tafi daji ya kwana biyu a bakin wani tafki da ya sani can bayan Damaga, yana son a ga gwanki kafin ruwa ya shafe wurin. Babana ya yi ta ba shi haƙuri, ya kawo maganar zafi, ya kawo ta ido. Kaka ya ce ai ba shi zai gani ba, ni zan gani. Inna ta ce ɗiya mace ba ta kwana daji. Bai yi musu da kowa ba, kullum da safe dai sai ya sa a fito masa da gorarsa da buzunsa ya zauna ƙofar zaure. A ƙarshe aka gaji, aka haɗa mu da Baffa, ƙanen babana, da jaki ɗaya.

Bukkarmu da hannunmu muka yi ta. Kaka ya hana a sari ɗanyen itace, sai rassan da suka faɗo da kansu, muka rufa da gamba. Ya sa aka kafa ta inda iska za ta ɗauke warinmu ta yi nesa da tafkin. Wuta ƙarama, da rana kawai, tokar kuma a binne. Ya karɓe ɗan sabulun da Inna ta ƙulla mini a gefen zane. Abincinmu garin gero ne da ƙuli-ƙuli da ƙanzo.

Kullum da sassafe mukan laɓe bayan wata tsamiya, ni ina dubawa ina raɗa masa abin da na gani. Zabin daji sun zo, birai sun zo, wata rana gada ta sha ruwa ta ruga. Gwanki bai zo ba. Idan iska ta juyo mukan ji rurin katafilolin aikin dam daga nesa, sai Kaka ya sunkuyar da kai.

Guzuri ya ja baya. Ƙudan tsando sun cije ni har ƙafafuna suka kumbura. Baffa ya ce namun nan sun riga mu tashi, a koma gida tun yarinya ba ta kwanta ciwo ba. Kaka ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina.

"Ke, amaryata, mi kika ce? In kin gaji mu tahi gida, babu laihi."

Ina son gida, ina son furar Inna. Amma na tuna yadda aka ce mace ba ta iyawa. Na ce ban gaji ba. Baffa ya girgiza kai, ya tafi wata ruga ya samo mana nono.

Da safiyar da iska ta fara ƙamshin hadari, ina laɓe sai na ga birai sun yi tsit. Wani abu ya fito daga cikin sabara, ya fi jakinmu tsawo nesa ba kusa ba, jikinsa ja-ja kamar tukunyar da aka gasa, fuskarsa baƙi da fari, ƙahoninsa sun lanƙwasa baya. Na matse hannun Kaka, na raɗa masa kamanninsa ɗaya bayan ɗaya.

"Shi kaɗai ne?"

Na sake dubawa. A bayansa ga wata, ga kuma ɗan ƙarami yana tuntuɓe da ƙafafunsa. Na gaya masa. Hawaye suka yi ta bin gemunsa, har namun suka gama sha suka juya.

"Alhamdu lillahi. Ki riƙe shi da kyau a ranki, ɗiyata. Ni na aje."

Ranar muka warware bukkar, muka watsa gambar, Baffa ya share sawunmu da reshe. Wanda ya biyo bayanmu ba zai ce an kwana a wurin ba.

Ruwa ya zo kamar yadda aka faɗa. Muka koma sabon matsuguni wajen Talata Mafara, kuma Kaka bai ga damina biyu a can ba.

Yanzu idan na bi ta bakin dam, masunta nake gani cikin kwalekwale, a ƙasa kuma shinkafa da tumatir iya ganin ido. Mutane da yawa sun ci abinci da ruwan nan, ban musa ba. Amma jikokina gwanki a waya suka san shi, wani ma ce mini ya yi saniya ce. Don haka duk wanda ya yi wayo a cikinsu sai na sa an kai mu bakin ruwan, ko gwiwa tana ciwo ko ba ta yi. In nuna masa tsakiyar ruwa, inda babu komai sai igiya, in ce masa a ƙarƙashin can akwai tsamiya, kuma su uku ne suka zo sha.