Kabarin da Na Haƙa Sau Biyu

Zan fara da abin da na tabbata da shi, domin akwai wuraren da ƙwaƙwalwata take rawa, kuma zan nuna su idan na iso kansu. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Khartoum na riga na kammala karatun gwaje-gwajen asibiti a wata jami'a a Omdurman, takardar shaida kawai nake jira. Ina zaune a ɗakin zaure na gidan wani dattijo a unguwar Hajj Yusuf, Bahaushe wanda kakansa ya taso daga Arewa da niyyar aikin hajji, ya yada zango a nan, bai ƙara gaba ba. Baba Malam muke ce masa, matarsa kuma Hajiya. Tun ranar da na shigo da jakata sun san ni Kirista ne daga Najeriya. Hajiya ta sa mini suna Likita, na yi ta bayanin cewa ni ba likita ba ne har na gaji na bari.

Akwai wata al'ada da mahaifiyata ta ɗora ni a kai. Kowace safiya, kafin in sa komai a baki, nakan zauna a bakin gado in gaya wa Ubangiji abin da ke raina kamar yadda ɗa yake gaya wa mahaifinsa, sannan in ambaci duk wanda nake riƙe da shi a zuciya, in sake shi. Sharaɗinta ɗaya ne: kada in faɗa wa Allah abin da ba haka yake ba. Wannan zama na ƴan mintoci shi ke tafiyar da yinina. Saboda shi na taɓa komawa tasha neman wani mai raksha, wato keke napep, da na zaga, in ba shi haƙuri. Saboda shi kuma, lokacin horonmu a asibiti, ban taɓa rubuta sakamakon jinin da idona bai gani ba, ko da layi ya kai bakin ƙofa ana gunaguni. Ba tsoro ne ke sa ni ba. Na san dai da safe zan zauna da wanda ya ga komai, kuma ina son zaman.

Motocin da suka kwashe ɗalibai baƙi sun tashi ban same su ba, domin an rufe gada. Ƴaƴan Baba Malam sun fita da iyalansu, shi kuwa ya ce ba inda za shi. Sai ɗibar ruwa ta dawo kaina, tunda famfo ya ƙafe. Kullum da hantsi nakan ɗauki jarka biyu in je mararraba, inda wani mutum yake tsayawa da tankin ruwa a kan keken jaki.

A wannan mararraba masu bindiga suka kafa shinge. Ranar da abin ya faru, Laraba ce ko Alhamis ban tabbata ba, wani dogo a cikinsu, mai kimanin shekara talatin, wanda rabin kunnensa na hagu ya guntule, ya kira ni da yatsa, da irin kiran da suke yi wa wanda ba su san sunansa ba.

"Ya zol, wayarka."

Na miƙa. Ya yi ta duba hotuna har ya kai kan wanda nake sanye da farar rigar ɗakin gwaji.

"Likita ne. Abokan gabanmu kake yi wa magani ke nan."

Na ce masa ni ɗalibi ne, kuma baƙo. Ya yi dariya, ya maimaita maganata da irin Larabcina don abokansa su ji, sannan ya ce in kwanta. Kwalta ta riga ta ɗauki zafi. Ya sa tiyon ruwa ya fara dukana daga kafaɗa zuwa ƙugu. Na ƙirga har goma sha ɗaya, daga nan lissafi ya ɓace mini. Da ya gaji sai ya take wuyan hannuna na hagu da takalmi, ya ɗaga gindin bindiga ya sauke a kan yatsuna. Ƙarar karyewar na fara ji kafin zafin ya iso.

Mai ruwa, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya ce, "Don Allah ka bar shi, baƙo ne." Dogon ya juya ya harbi jakin a wuya. Dabbar ta durƙusa, keken ya karkace, ruwa ya fara malala. Mai ruwa ya sunkuya yana ƙoƙarin kwance igiyar da ta shaƙe jakin, sai dogon ya harbe shi a baya, sau biyu. Ruwan ya biyo kwalta ya iso inda nake kwance, da farko fari, daga baya ja. Ya jiƙa mini kunci. Ban motsa ba sai da aka ce in tashi in gudu.

Hajiya ce ta ɗaure mini yatsu biyu da tsinken kaba da tsumma. Washegari na zauna a bakin gado kamar kullum. Na yi godiya da na kwana da rai, na ambaci mahaifiyata, na iso wurin da ake sakin mutane, sai bakina ya tsaya. In na ce na yafe wa dogon nan, na yi ƙarya. In na tsallake shi, na yi wa Allah wayo. Abin da ke cikina kuwa shi ne ina son in ga an yi wa mutumin nan abin da ya yi wa mai ruwa, kuma ina jin kunyar furta haka. Na tashi ban ƙarasa ba. Kashegari ma haka. A rana ta uku ban zauna ba sam.

Kusan mako uku na yi a haka. Ban daina gaskata cewa Allah yana nan ba. Na daina yi masa magana ne kawai, kamar mutum biyu a gida ɗaya da suke kauce wa juna a tsakar gida. Abinci ya fita raina. Na daka wa Hajiya tsawa a kan kofin shayi, ban kuma ba ta haƙuri ba. Ƙarar jirgi ba ta tsorata ni kamar yadda wannan shiru yake tsorata ni ba, domin na fara sabawa da shi.

Sai wata rana da azahar aka jefa wa shingen wuta daga sama. Rufin kwanonmu ya yi tsalle, ƙasa ta zubo a cikin tukunyar Hajiya. Da ƙura ta lafa, masu bindigar sun kwashe nasu sun gudu, sun bar mota tana ci da wuta, da gawa ɗaya da ta faɗa bayan kwata ba su gani ba. Ta kwana biyu a wurin. Babu wanda ya taɓa ta, domin in abokansa suka dawo za su ce kai ka kashe shi, in kuma ɗaya ɓangaren ya zo zai ce kai nasu ne. A rana ta biyu karnuka suka fara zagayawa.

Da sassafe Baba Malam ya tsaya a ƙofar ɗakina da diga da shebur.

"Ɗana, mutumin can Musulmi ne, haƙƙinsa yana kanmu. Matasan layi duk sun fita. Ni kuwa ka ga bayana."

"Baba, ka san ko wane ne?"

"Na leƙa. Na ga kunnen."

"To ka san abin da kake roƙona."

"Na sani. Ban ce dole ba. In ba za ka iya ba, ajiye mini digar a filin makaranta, zan yi ta kaɗan-kaɗan."

Hajiya daga tsakar gida ta ce, "Kaɗan-kaɗan, sai mu binne biyu."

Na karɓi digar. Ina so in faɗi gaskiya a nan: ba tausayin mamacin ne ya sa ni ba. Ba zan iya kallon tsoho mai wannan shekaru yana sara ƙasa ba, kuma a can cikin raina akwai wani daɗi marar kyau, cewa ni ne zan rufe shi.

Hanyar maƙabarta ba ta biyuwa, don haka unguwa ta koma binne mutane a bayan wata makarantar firamare. Baba Malam ya tafi neman likkafani da wanda zai taya shi wanka, ya bar ni ni kaɗai. Na taso cikin Musulmi, na raka gawar maƙwabta ba sau ɗaya ba, na san ana miƙe kabari daga kudu zuwa arewa domin mamaci ya kwanta a kan damansa yana fuskantar gabas. Na bi layin katangar makaranta na ja zane. Ƙasar wurin baƙa ce mai tauri, ta tsattsage don fari. Da hannun dama nake sara, ina tallafe ƙotar da gwiwar hannun hagu. Kowane sara sai ya amsa a karyayyun yatsuna. Daga wajen Bahri, arewacin Khartoum, ana ta luguden wuta, wani lokaci in kwanta a cikin ramin har ƙarar ta wuce. Kafin rana ta take na gama, har da ƙaramin ramin ciki, na daidaita gefunansa da shebur.

Baba Malam ya iso, Hajiya tana biye da shi da butar ruwa. Ya tsaya a kan ramin. Ya dubi sama, ya dubi hasumiyar masallacin unguwa.

"Aiki ya yi kyau. Amma wannan ai Kasala zai kalla."

Na san Kasala gari ne can gabas, amma ban gane nufinsa ba. Ya miƙa sandarsa tsakanin gabas da arewa. "Alƙiblarmu nan take. Ba Kano kake ba."

Shekara uku ina ganin tabarmar sallarsu a karkace a tsakar gida, ban taɓa tambayar dalili ba.

Hajiya ta ce, "Likita, duk bokon nan ba a nuna muku inda Makka take ba?"

Na ce a ɗan karkata fuskarsa mana. Baba Malam ya ce ramin ciki ya yi ƙunci, gawar kuma ta kumbura, ba za ta juyu ba. Ga lokaci, ga mai haƙa, ba shi da hujjar da zai kai wa Allah. Ya zana sabon layi da sandarsa, ya gitta nawa, ya koma wajen wanka.

Na tsaya cikin ramin da na ɓata safiya a kansa. Tafin hannuna ya fashe, tsumman yatsuna ya jiƙe da jini. Na ɗaga digar na sara sabon layin da dukan ƙarfina, sai na ji murya tana cewa, "Ka gani ko? Ka ga abin da ka sa ni? Ya karya mini hannu, ya kashe bawan Allah a gabana, yanzu kuma sai na gyara masa kwanciya?" Muryata ce, da Hausa, a fili. Na yi sara uku ko huɗu kafin in lura cewa Ubangiji nake yi wa magana.

Ban tsaya ba. Na gaya masa ina ƙin mutumin nan. Na gaya masa na ji daɗi da na ga gawarsa. Na tambaye shi inda yake lokacin da mai ruwa ya sunkuya. Ban ji wata murya ta amsa ba, kuma ba zan ƙara abin da bai faru ba. Abin da zan iya shaida shi ne, duk munin abin da na faɗa, ban ji an juya mini baya ba. Ina kuka, ina sara, ina magana, har ramin ya kai ƙuguna.

Da la'asar suka kawo shi a kan angarib, gadon igiya da ake ɗaukar gawa a kai, Baba Malam da wasu tsofaffi biyu, suna ajiyewa suna hutawa. Zanen gado ne likkafaninsa, warin kuwa turare bai rufe shi ba. Suka yi masa salla, ina tsaye a gefe. Da aka zo sakawa babu mai gwiwar sauka a cikinsu. Baba Malam ya dube ni ya ce, "Lalura ce, sauka." Na karɓe shi daga wajen kafaɗu. Ya fi yadda na zata nauyi, wani ruwa kuma ya biyo zanen ya sauka a hannuna. Na kwantar da shi a kan damansa, Baba Malam yana cewa in ƙara turo kafaɗar, in sa hoge a bayansa, har ya ce ya yi. Muna cikin mayar da ƙasa wani abu ya fashe kusa, tagogin aji suka zube, tsofaffin suka kwanta a kan cikinsu. Da ya lafa muka tashi muka ƙarasa.

Washegari na zauna a bakin gado. Ban san sunansa ba, don haka na ce, "Mutumin da muka binne jiya." Na ce ban yafe ba tukuna, ba zan kuma ce na yafe ba sai ranar da ya zama gaskiya, amma ga shi na kawo shi, ba zan ƙara ɓoye shi ba. Na roƙi a taimake ni in so in yafe. Na daɗe a zaune bayan haka, ban yi marmarin tashi ba.