Uwar Motoci da Maƙwabcinta

Direbobin kamfanin ne suka laƙaba mata Uwar Motoci, sunan kuma ya bi ta har gida, 'ya'yanta ma da shi suke tsokanarta. Amma ba da motoci ta fara ba. A wani ɗan shago kusa da tasha ta fara, tana buga wa mutane takardun neman aiki, tsohuwar fanka na hura mata zafi a ka. Nan wani mai kamfanin jigilar kaya ya lura ba ta kallon yatsunta in tana bugu, ya ce ta zo ta gwada aiki a wurinsa.

Kamfanin na kwaso famfunan ruwa da kayan gyaran injuna daga tashar jiragen ruwa, ya raba su ƙasashe uku. Lokacin da ta shiga, kowane reshe da nasa tsarin. Mota za ta isa kan iyaka, 'yan kwastan su ce abin da ke takarda daban, abin da ke mota daban, direba ya yi ta zaman jira har gemu ya tsiro masa. Ita ta dinga nacin a haɗa rassan a manhaja ɗaya, a kuma sa wa kowace mota na'urar da za ta nuna inda take. Da aka gaji da nacinta, sai aka ce to ta riƙe abin da kanta. Aka ba ta ofis mai taga ɗaya da ƙaton allo a bango, motoci na tafiya a kansa kamar korayen tururuwa.

Wanda ya fi ba ta ciwon kai shi ne shugaban reshen ƙasa mafi nisa. Ba ta taɓa ganinsa ba, sai murya. Tana kiransa Maƙwabci don tsokana. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa, sai su haɗu a yare na uku, kowa na kakkarya shi. Shi yana fara rubuta wata kafin rana, ita rana kafin wata.

"Maƙwabci," ta ce masa wata rana, "yaushe aka ƙara muku wata na sha uku ba ku gaya mana ba?"

Bai yi dariya ba. Ya ce ai su ne a daidai. Shekaru suka yi a haka.

Autan gidansu direba ne a kamfanin, ita ta samo masa aikin. Wani hantsi tana shan shayi, sai ta ga motarsa ta tsaya a ƙasar Maƙwabci, a wani wuri da ba gari, ba gidan mai. Ta ce ƙila taya ce. Ta kira, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake kira. Ɗigon motar a kan allon ya koma ja, shayin ya huce a gabanta.

Ranar kuwa hutu ce a can. Ta daɗe tana kallon lambar Maƙwabci kafin ta danna. Ya ɗauka, tana jin hayaniyar yara a bayansa.

"Maƙwabci, mota ta tsaya a daji. Direban ba ya ɗaukar waya. Ƙanena ne."

"Turo min wurin," abin da ya ce ke nan.

Shi da kansa ya tuƙa motarsa ya je. Ya tarar da Auta a kwance gefen taya, ya riƙe ciki, gumi ya jiƙa shi, ko magana ba ya iyawa. A asibiti likitoci suka ce afendis ne, yana dab da fashewa, sai ɗan uwa ya sa hannu kafin a yi aiki. Maƙwabci ya ce shi ne yayansa. Likitan ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ga ko kama babu, ya miƙa masa biro.

Takardun tafiyarta suka ɗauki kwanaki. A kwanakin nan matar Maƙwabci ce ke kai abinci asibiti, tana wanke wa Auta kaya. Shi kuma ya nemo wani direba ya ƙarasa da famfunan, don kada masu jira su ji shiru. Ita kuwa a gida tana ta ɓoye wa mahaifiyarsu, sai da aka ce Auta ya tashi zaune sannan ta faɗa mata.

Da ta isa ɗakin marasa lafiya, ta ga wani ɗan guntun dattijo mai sanƙo yana ɓare wa ƙanenta lemo. A hanya ta haddace godiya da yarensa, amma da ta buɗe baki komai ya gudu, sai hawaye.

"Yaya, kada ki ba mu kunya mana," in ji Auta. "Ke da ake tsoro a ƙasa uku!"

Auta ya warke, ya bar doguwar hanya, yanzu yana kula da sito. Ita kuma ta sa aka daina tura direba shi kaɗai ta wannan dajin.

Bayan sun dawo, mahaifiyar ta ce sai ta ga mutumin da idonta. Uwar Motoci ta kira shi ta bidiyo, ta riƙe mata wayar. Tsohuwar ta gyara zama, ta shiga yi masa addu'a, shi da matarsa da 'ya'yansa da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Yana ta gyaɗa kai, hannunsa a ƙirji.

"Inna, ba fa ya jin abin da kike faɗa."

"Yana ji mana," in ji tsohuwar. "Riƙe min da kyau, ban gama ba."